Kujerar Surukar Tun-Kaka

Ana ce masa Tun-Kaka, domin duk baƙon da ya ɗaga wani abu a shagonsa ya tambayi shekarunsa, amsar ɗaya ce: "Wannan ai tun kaka da kakanni." Shagon yana lungun masu kayan tsaraba, inda motocin 'yan yawon buɗe ido ke juye mutane da kyamarorinsu. Kujerun tsugunno yake sassaƙawa, baƙi kuwa ba sa son sabon abu. Saboda haka in ya gama kujera sai ya jiƙa ta da ragowar shayi, ya turara ta da hayaƙi, ya ja ta a kan siminti, sannan ya ɗauki ƙusa ya yi mata aikin gara. Itacen da aka saro makon jiya, kafin wannan makon ya ƙare ya ga jikoki.

Abu ɗaya ya gagare shi: sheƙin nan da yawan zama ke bari a jikin itace. A gidansa kuwa akwai mai irinsa, kujerar marigayiya surukarsa, wadda dama fasalinta yake kwaikwaya. Ranar rabon gado ita kaɗai matarsa ta roƙa, kuma a kanta take girki kullum. Wata safiya matar ta tafi dubiya asibiti, sai gogan ya jefa kujerar a buhu ya kai shago, wai aro. Ya wuni yana goga mai da tsumma a jikin nasa kujerun, har suka ɗauko sheƙin. Ya jera su tare da ita don ya gwada, ya bar wa maƙwabcinsa Mai Fatu tsaron shago, ya tafi cin abinci.

Ya dawo ya tarar da Mai Fatu yana washe baki.

"Mota guda aka sauke. Na sayar maka da uku."

"Waɗanne?"

"Tsofaffin mana."

"Ai duk tsofaffi ne."

"To ka gani."

Tun-Kaka ya bi sauran yana kifewa ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ramukan ƙusarsa ne a gindinta. Ya tambayi inda motar ta nufa, aka ce filin jirgi. Kujerar surukar ta tafi ke nan, ya san ɓarin da ya yi ba ya kwasuwa.

A gida ya faɗi rabin gaskiya, ya ce kujerar tana shago, ta dai shige cikin 'yan'uwanta. Matar kuwa washegari ta yafa mayafi ta biyo shi.

Ta sa ya sauko da su duka ya jera a bakin shago. Ta zauna a ta farko, ta ɗan jijjiga, ta tashi, ta koma ta biyu. Maƙwabta suka bar shagunansu suka zo kallo. Wasu baƙi suka ɗauka wasa ake yi musu, suka shiga ɗaukar hoto, ɗaya har da tafi. Ita dai ba ta kula kowa ba. Da ta kai ta ƙarshe sai ta daɗe zaune, hannu a gwiwa. Can ta miƙe ta nuna wata a tsakiya.

"Ga ta nan."

"Allah ya rufa asiri!" in ji Mai Fatu.

Tun-Kaka ya san kujerar sarai, shi ya sassaƙa ta da hannunsa. Ya rungume ta har gida, yana jin daɗi yana jin kunya, ya rasa wanne ya fi yawa.

Da yamma ya leƙa kicin. Kujerar na jingine a bayan ƙofa, matar kuwa ta kifa bokiti tana zaune a kai tana fere dankali.

"Ba za ki zauna a kanta ba?"

"Wannan ɗin ma ya ishe ni."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. "To me ya sa kika ɗauka?"

"A gaban maƙwabtanka zan ce babu?" Ta jefa dankali a ruwa, ba ta ɗago ba. "Ka iya aiki, Maigida. Inna da kanta ma sai ta zauna kafin ta gane."

Tun da ya kama gizago, ba a taɓa yaba aikinsa ya ji ciwo irin na ranar ba.