Tattasan da Dobrila Ta Ƙona

Ni ce nas ɗin da ke zagaya gidaje a ƙauyenmu na kusa da Leskovac, kuma gyambon ƙafar Tetka Radojka, wato Goggo Radojka a harshenmu, ya ba ni wuya. Duk wankin da na yi masa, ya ƙi haɗewa. Tun rasuwar mijinta ta rufe taga, abinci sai an yi da gaske, barci kuwa babu. Kullum tambayarta ɗaya: "Yanke ƙafar za su yi, ko Slavica?"

Likita ya ce damuwa ce ke hana naman tsirowa, jikin da ba ci ba barci ba ya iya gyara kansa. Ya ƙara mata maganin damuwa, ya ce lallai ta riƙa shiga mutane. Na yi lallashi har na gaji.

Da kaka ta yi, kowane gida na gasa jan tattasai don ajvar, miyar tattasan da muke ɗurawa a kwalba saboda hunturu, sai maƙwabciyarta Dobrila ta jawo murhunta har gindin tagar Tetka. Tun suna 'yan mata suke musun wadda ta fi iyawa. Ina cikin naɗa bandeji ƙauri ya cika ɗakin.

Tetka ta ɗaga murya. "Wace marar kan gado ce ke ƙona tattasai haka?"

"Ni ce!" in ji Dobrila daga waje. "Bana ajvar ɗina za a ci a garin nan, tunda gwanar ta kwanta."

"Gawayi za ki ɗura wa mutane a kwalba? Slavica, miƙo min sandata!"

Muka ajiye mata kujera a tsakar gida, muka ɗora ƙafar kan matashi. Tana ɓare tattasai tana yi wa Dobrila tsiya, Dobrila na ramawa, mata suka taru ana ta shewa. Ranar ta cinye burodi da cuku, har da neman ƙari.

Akwai ranakun da ta sake kulle kanta, Dobrila ta yi ta dukan ƙofa sai ta buɗe. Amma ba ta fasa shan magani ba. Barci ya dawo, bakin gyambon ya yi ja yana matsowa. Kafin ƙanƙara ta narke na cire bandejin ƙarshe.

Ta daɗe tana shafa tabon. "To yanzu me zai riƙa kawo ki?"

"Kofi mana, Tetka."

"Ɗora ruwan, to. Kuma ki nemo min takalmi mai laushi. Bikin jikata a watan Mayu ne, ni zan ja layin rawa."