Furen Luba a Shingen Magama

Luba mai sayar da dashe ta iso shingen Magama da tukwane a amalanke, za ta kai wa ƙanwarta a Maraɗi. Furen nan ne da masana suka sarrafa, mai haske cikin duhu. Guda ta saya a Katsina, ta yi ta karyar reshe tana dasawa kamar rogo.

Badamasi, wakilin kamfanin furen, ya tare ta da ƙatti biyu.

"Hajiya, irin nan mallakar kamfani ne. Ba ki da izinin yaɗa shi."

"Ubanka ya ba shi ruwa?" in ji Luba.

Ya kwaɗa mata mari har ɗankwalinta ya faɗi. Ta ɗauki tukunya ta rotsa masa a goshi, jini ya wanke masa fuska. Ƙattin suka kife amalanken, suka bi furannin da gora suna kakkaryawa.

Luba ta tofar da jini, ta dubi matan Maraɗi sun durƙusa suna tsintar rassa suna ƙullewa a bakin zani.

"Ku ƙara dukansu," ta ce wa ƙattin. "Kowane guntu kamawa yake."