Ƙauyen Indo Mai Koko

Kwana uku kafin sadakar arba'in ta Indo mai koko, ɗanta Zulkarnaini ya same ni a unguwar Kanda ta Accra, ya roƙe ni in rubuta tarihinta domin a karanta a taron. Ya ce duk unguwar Nima an san ba na kuskuren shekara.

Abin da unguwa ta sani shi ne an haife ta a Zongo Lane, nan cikin Accra, ranar girgizar ƙasa, 22 ga Yuni, 1939. Ni na ƙirƙiro wannan. A Nuwamban 1969, da gwamnati ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, ina ƙaramin akawu. Indo ta zo mini da goyo a baya, mijinta Usaini tuni ya hau motar da ta nufi iyaka. Na rubuta mata takardar shaidar haihuwa, na zaɓi ranar girgiza domin ba wanda zai nemi rajistar haihuwar da aka yi a irin wannan ruɗani. Dattawa biyu suka dangwala yatsa. A gaskiya an haife ta ne a wani ƙauye kusa da Dogondutsi a Nijar, ta iso Accra a shekarar samun 'yancin Ghana.

Da takardar nan ta zauna. Tana nan aka rushe kasuwar Makola a 1979. A yunwar 1983 gero ya gagara, tukunyarta ta yi wata huɗu a kife. Usaini bai dawo ba.

A ciwonta na ƙarshe ta aika aka kira ni.

"Malam, kai ka ba ni garin ƙarya," in ji ta. "Ranar addu'ata ka faɗi na gaskiya, ko sau ɗaya, jama'a su ji."

Na ɗauki alkawari.

Na gaya wa Zulkarnaini wannan alkawari. Sai ya ce 'yarsa Hamdia tana neman fasfo don karatun jinya, an riga an tsare ta da tambayoyi kan asalin kakanni, kuma yanzu duk abin da aka faɗa a taro sai waya ta ɗauka.

"Baba, ita ta kwanta," ya ce. "Hamdia za a tambaya."

Ranar sadaka na miƙe a ƙarƙashin rumfa, wayoyi suna sama. Na karanta Zongo Lane, na karanta 1939, ban ambaci ƙauyenta ba.

Bayan an shafa Fatiha, Hamdia ta zo ta durƙusa, ta nemi in ba ta rubutun ta haɗa da takardunta, tunda hannuna ne. Na sa hannu, na miƙa mata.