Ranar Gwajin Tuƙin Marta

Tun da idanun Ɗangana suka rufe, a-kori-kurarsa ke ajiye a ƙarƙashin mangwaro, kaji na kwana a kanta. Matarsa Marta ce ta gaji da ganin shinkafarsu na jiran motar wani kafin ta isa kasuwar Yauri. Ta ce za ta koyi tuƙi, duk da furfurarta. Shi ya koya mata, yana zaune a gefenta yana sauraren kukan inji, yana cewa, "Saki kuloci sannu, kada ki fizge."

Ranar gwaji suka zo Yauri tare daga ƙauyensu na wajen Shanga. Ta zaunar da shi a benci a bakin filin gwajin, ta sa masa sandarsa a hannu.

Jami'in gwajin, Malam Lukman, ya shiga motar ya zauna gefenta. "Inna, ga yadda abin yake. Ƙaramin kuskure, kamar manta sigina ko rashin duba madubi, maki nake ragewa. Amma idan kika bugi wani abu, ko kika bar motar ba da izinina ba, gwaji ya ƙare."

Ta ce ta ji.

Sun zaga gari lafiya, sai sigina ɗaya da ta manta a kwanar kasuwar kifi. Da suka dawo fili, ya ce ta yi ribas tsakanin durom biyu. Ta saki kuloci da sauri, motar ta mutu. Tana ƙoƙarin tayarwa ta duba madubi, sai ta hango Ɗangana ya bar bencin, yana lalube da sanda, ya nufi titi inda babura ke wucewa.

Ta ja birkin hannu, ta buɗe ƙofa ta ruga.

"Ina za ka?" ta ce, ta riƙe masa hannu tana haki.

"Na ji motar ta mutu, na ji shiru. Na ɗauka wani abu ya same ki."

Malam Lukman ya iso a hankali. "Inna, makinki na da kyau. Amma doka ta ɗaure ni. Sai kin sake dawowa."

Ɗangana ya sunkuyar da kai. "Ni na ja miki."

"Bari wannan magana," in ji Marta, tana kakkaɓe masa ƙura a riga. "Kai ko karyawa ba ka yi ba."

Ta kai shi bakin ruwa ta sayi soyayyen kifi, tana cire masa ƙaya tana miƙa masa. Da ta sake zuwa gwajin, ɗiyarsu Hannah ce ta zauna da shi a gida, kuma Marta ta ci gwajin. Da damina ta wuce, ita ta kai shinkafarsu kasuwa.