Ko Ɗigo Bai Fita Ba

Ruwan ya riga ya shafe katakon da ake takawa lokacin da Auta ya rage wutar inji, ya durƙusa ya kara kunnensa a jikin famfon. Yana aiki. Kukansa na nan yadda ya saba, siriri kamar na sauro. Sai dai ruwan da ke ƙasan jirgin bai ragu ba, ƙaruwa ma yake yi.

Sun yi nisa da gaɓar da suka baro, wadda za su je kuwa da ƙyar ake hango ta. Su uku ne a jirgin: shi, da yayarsa, da mahaifinsu da za su kai asibiti a tsallake. Jirgin tsoho ne, kullum yana ɗan yoyo ta inda sandar farfela ta ratsa jikinsa, yau kuma ga iska tana watso ruwa ta gefe. Wannan bai taɓa hana Auta barci ba, don aikin famfon ke nan, ya zuƙe ruwan ya tura shi ta tiyo zuwa waje.

"Auta, ruwa ya kai mini idon sawu," in ji Yaya.

"Na gani, Yaya. Ɗauki bokitin nan ki riƙa kwarfewa."

Ta harare shi, amma ta ɗauka. Dama da faɗa suka shigo jirgin. Ta daɗe tana so Baba ya koma wurinta, a gidan bene kusa da asibiti, don kansa ya fara rikicewa. Yakan manta ya ci abinci, yakan kira Auta da sunan ƙanen shi Baban da ya rasu. Auta kuwa ya kafe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana liƙe jiragen katako a bakin ruwa, a kai shi bene ya yi ta kallon motoci? Yau da safe da ta fito da jakar kayan Baba, Auta ya cusa ta ƙarƙashin benci, ya ce ana gama ganin likita da Baba zai dawo.

Ya fara da batir. Kan wayar ya yi farin gari, ya kankare shi da sukudireba ya ƙara ɗaurewa. Ya zaro fiyus ya ɗaga shi sama, bai ƙone ba. Ya tura hannu cikin ruwan mai warin man inji ya ciro rariyar da ke gindin famfon, ya samu ɓawon kifi da guntun leda. Har ya yi murna, bawan Allah. Ya wanke ya mayar, ya zuba wa ruwan ido. Ko alama.

"Ka ce mini jirgin lafiya lau," in ji Yaya, tana haki.

"Jiya lafiya lau yake."

"Haka kake cewa game da kowa."

Auta ya sake durƙusawa. Ya buɗe famfon, 'yar farfelar da ke ciki tana juyawa, ko haƙori ɗaya bai karye ba. A nan tsoro ya kama shi sosai, don abin da ya sani ya ƙare. Ya dubi Baba, wanda ke zaune a benci hannuwansa bisa gwiwa, yana kallon ruwa yana murmushi kamar ana kai shi biki. Da a shekarun baya ne, shi za a tambaya.

Sai ya bi tiyon da hannu. Ya yi tauri kamar taɓarya, cike yake da ruwa. Ke nan ruwan yana shiga, hanyar fita ce babu. Auta ya kwanta a kan gefen jirgin ya leƙa ƙaramin ramin da ruwan ke fita ta cikinsa.

Babu rami. An fiƙe guntun itace, an naɗe shi da tsumma, an buga shi ciki, an shafe da kwalta, an daidaita bakin da babban yatsa. Shatin yatsan na nan. Rabin jiragen da ke mashigarsu suna ɗauke da irin wannan shati, kuma Auta ya san shi tun kafin ya iya rubuta sunansa.

"Ka gani ko?" in ji Baba daga bayansa, muryarsa cike da jin daɗi. "Da sassafe na zagaya jirgin naka, sai ga rami, har yatsana na shiga. Haka za ka ɗauki mutane? Na toshe maka."

Bokitin ya tsaya a hannun Yaya.

Auta ya sa filaya ya ja. Itacen ya sha ruwa ya kumbura, ko motsi bai yi ba. Ya sake ja har filayar ta kuɓuce ta faɗa ruwa. Ya rasa wanda zai yi wa fushi.

"Baba, ara mini wuƙarka."

Da ita ya yanke tiyon daga ciki. Ruwan ya yi tsartuwa ya wanke masa fuska. Amma tiyon ya yi gajarta, bakinsa da ƙyar yake kai leɓen jirgin, dole sai an riƙe. Yaya ta ajiye bokiti ta durƙusa ta riƙe, rabin ruwan na zuba waje, rabi na bin hannunta yana jiƙa mata riga. Auta ya koma kan sitiyari. Ya yi ta jiran ta ce ai ta faɗa masa. Ba ta ce ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

A haka suka lallaɓa har gaɓa. Auta ya ɗaure jirgin, ya kama hannun Baba ya taimaka masa ya sauka. Tsohon ya tsaya, ya sunkuya yana duba gefen jirgin, ya shafa kwaltar da yatsa.

"Ya riƙe ko?"

"Ya riƙe, Baba. Ko ɗigo bai fita ba."

Baba ya gyaɗa kai, ya kama hanya a hankali, ba ta wajen asibitin ba. Yaya ta bi shi ta juyo da shi.

Auta ya koma cikin jirgin, ya jawo jakar daga ƙarƙashin benci. Gindinta ya jiƙe sharaf. Ya fito ya miƙa wa Yaya.

"Ki shanya kayan in kun isa gida," ya ce. "Wuƙar kuma tana wurina."