Gemun Auduga

Malamar jinya ce a asibitin ƙashi, amma a cocinsu an fi saninta da Uwar Wasa, don duk wasan kwaikwayon da za a yi ita ke shirya shi. Wannan karon an ba ta misalin nan na cikin Linjila, na mutumin da 'yan fashi suka yi wa duka suka yasar a bakin hanya. Ta ce an gaji da dogayen riguna da jakin kwali. Ta mai da wanda aka yi wa fashin direban tasi, wanda ya taimake shi kuma baƙo mai wankin mota da bai gama iya harshen garin ba.

Malaman addinin Yahudawa biyu da a labarin suka wuce mutumin suka kau da kai ne kaɗai ba ta taɓa ba. Ta bar su da gemun auduga da dogayen huluna, yadda ta taso ta ga ana yi.

Ana gyaran rufin coci, sai aka kawo gwajin wasan falonta. Surukinta, mahaifin mijinta, yana zaune a kujerar kusa da taga. Bayahude ne, tsoho mai ƙarancin magana, yana wurinsu tun da aka yi masa aikin ƙugu. Dogo bakanike, mai fitowa a matsayin ɗaya daga cikin malaman, ya manna gemu, ya ranƙwafa, ya maƙe murya yana murza hannu.

"Ni Bayahude guda in taɓa wannan ƙazanta?"

Falo ya ɗauki dariya. Tsohon ya lalubi sandarsa, ya miƙe a hankali, ya shige ɗaki. Dariyar ta mutu.

Da mutane suka watse ta kai masa shayi da maganinsa.

"Baba, ku yi haƙuri. Dogo bai san..."

"Dogo ya iya wasa," in ji shi. "Zauna, 'yata. Wanda aka yi wa dukan, a asalin labarin, wane ne?"

"Ina jin Bayahude ne."

"Wanda ya ba da labarin fa?"

"Yesu."

"Shi ma ɗan gidanmu ne. Masu sauraronsa ma namu ne. To kowa kin ɗinka masa kayan garinku, sai marasa kirkin nan biyu kika bar mana. Kin kwashe tsoka, kin bar mu da ƙashi."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba faɗa nake miki ba. Mutum ne yake gaya wa 'yan'uwansa gaskiya, irin yadda annabawanmu suka saba. In kina so labarin ya yi zafin da ya yi a lokacin, kin san waɗanda za ki sa su wuce."

Ta sani sarai: fasto da shugabar mawaƙa. Shugabar mawaƙa ƙawarta ce, wannan mai sauƙi ne. Fasto kuwa mutum ne da ba ya ɗaukar raini, ya taɓa dakatar da wa'azi don wani ya yi hamma.

Washegari daga wurin aiki ta wuce ofishinsa, ta same shi yana kokawa da fankar da ta ƙi juyawa. Ta zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta.

"Wato ni ne zan tsallake mutum kwance cikin jini?"

"Ba ku da kanku ba, Baba Fasto. Dogo ne zai sa irin rigarku."

"Dogo? Da wannan tafiyar tasa ta agwagwa?" Ya girgiza kai. "In dai za a tona mini asiri, gara in tona da kaina. Yaushe ne gwaji?"

Sai a lokacin ta lura tun shigowarta jakarta take matse da ita a ƙirji. Ta ajiye ta, ta nemi kujera.

Ranar wasan ta fito gaban jama'a kafin a fara. Ta ce labarin da za su gani wani Bayahude ne ya ba mutanensa shi, a kan umarnin ƙaunar maƙwabci da suka gada tun kaka da kakanni. "A gidansu muka ɗebo wutar nan," in ji ta. "Tukunyar ce kawai tamu."

Direban tasi ya faɗi. Fasto ya taho da waya a kunne, ya leƙa, ya duba agogo, ya ce yana da taron addu'a, ya raɓa ya wuce. Shugabar mawaƙa ma ta zo ta yi haka. Mutane suka tuntsire da dariya, can kuma coci ya yi tsit.

Surukinta yana layin baya kusa da ƙofa, mijinta na gefensa. Tsohon bai taɓa shiga cocin ba sai ranar. Da aka tashi, Dogo ya rugo ya riƙe masa hannu a matakala, yana ta ba da haƙuri har tsohon ya ce ya isa haka, kada ya kayar da su duka.

Suka shiga mota. Surukinta ne ya fara magana.

"Kujerunku sun fi dutse tauri, waƙoƙinku kuma ba sa ƙarewa." Ya gyara zama. "Amma labarin na gane shi. Namu ne, ya dai yi tafiya."

Ta sauke numfashi, ta jingina kanta da kujera. Mijinta ya tada mota. Kafin su kai mahaɗar farko tsohon ya fara gyangyaɗi.