Karen Matar Jakada

Likitan dabbobi mutum ne da ya yarda da talabijin fiye da yadda ya yarda da matarsa. Tun da aka sa ranar zaɓen shugaban ƙasa take cewa garin nan warin yaƙi yake yi, shi kuwa sai ya ƙara murya, ya nuna mata shugabannin ƙasashen waje suna jaddada cewa za a yi zaɓe lafiya a tashi lafiya. Da bakinsu ya rufe nata. Har ya matsa wa 'yarsu mai ciki, wadda ke aure a ƙetare, ta taho gida ta haihu a gaban uwarta.

Ana jibi zaɓe, matar wani jakada ta shigo asibitinsa da tsohon karenta. Karen nan ya fi yaran unguwa da yawa ganin likita. Likita ya ɗora shi kan teburin ƙarfe, ya duba haƙora, ya saurari ƙirji.

"Ranki ya daɗe, tsufa ne kawai. Da sauransa."

"Allura nake so ka yi masa," in ji ta. "Wadda ba a tashi."

Likita ya saki baki. Matar da ke saƙa wa kare rigar sanyi da hannunta!

"Laifin me ya yi miki?"

"Kai ka ce zuciyarsa ba za ta ɗauki jirgi ba. Ga shi da tsoron ƙara, ko tsawa aka yi a ƙarƙashin gado yake wuni. Ba zan bar shi ya ji abin da ke tafe ba."

"Me ke tafe? Jiya da idona na ga shugabanku yana cewa babu komai."

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da shi yake yi wa mai dabbar da ba za ta tashi ba.

"To me kake so ya ce? Shi ya aiko mana jirgin. Duk wanda ya faɗi a cikin 'yan takarar nan biyu ba zai yarda ba, kuma kowannensu da sojojinsa. Yau da yamma za mu tashi, daga mu sai a rufe filin jirgin."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya bar ta da karenta, ya fita baranda yana laluben waya, don ya ce wa 'yarsa ta zauna inda take. Ta ɗauka tun kafin ya shirya abin faɗa.

"Baba! Ka ɓata mini shiri, so na yi ku gan ni kwatsam. Yanzu muka sauka. Ka ga cunkoson masu fita kuwa? Mu masu shigowa ko layi ba mu yi ba. Zo ka ɗauke ni, ƙafafuna duk sun kumbura."